Neman Inna Yalwa a Cikin Dubbai

To, ku gyara zama, ga ta nan tafe gare ku. Ku kife wayoyin nan tukuna, ko da yake rabin labarin ma a cikin irinsu ya faru. Ni ba na son a katse ni, amma in na kai ƙarshe zan sakar muku fili, ku yi ta musu har bakinku ya bushe.

A wani ƙauye da ake kira Kwarin Faru, can inda kogi yake sakin jiki ya bazu cikin fadama, an yi wata tsohuwa, Inna Yalwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya'ya uku. Babbansu Hambali, tela ne a birni, mutum mai sanyin magana, irin wanda in ana hira sai ka manta yana wurin. Mai bi masa Suwaiba, ita ce ta yi boko mai zurfi, sana'arta gina shafukan intanet, tana yi wa 'yan kasuwa da makarantu. Auta kuwa Tasi'u, ɗan fito ne, shi ya zauna ƙauye tare da uwar, kwale-kwalensa shi ne gonarsa. Ita Inna Yalwa tana fama da ciwon sukari, irin wanda ba ya ɗaga wa mutum ƙafa, kullum sai an yi mata allura.

Wata damina aka yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, har kogi ya ƙoshi ya karya gaɓa. Ranar da abin ya faru Inna Yalwa ba ta gida, ta tafi barkar haihuwa wani ƙauye a ƙetaren fadama. Da rana tsaka ruwa ya shigo gari, ba sallama. Masu ceto suka yi ta ɗiban mutane a jirage, duk tudun da ya fi kusa nan ake zube su, daga nan motoci su kwashe su zuwa makarantu da sansanoni, wasu gabas, wasu yamma. Ba wanda ya tsaya tambayar wa ke da wa. Tasi'u ma yana cikin masu ɗiban, yana tsammanin uwarsa tana inda ruwa bai kai ba. Sai da hankali ya ɗan dawo jikin mutane aka nemi Inna Yalwa aka rasa. Wata ta ce ta ga an saka ta a jirgi. Wani ya ce ya ga zani irin nata yana yawo a kan ruwa. Ba ta da waya, ba ta riƙe lambar kowa a ka ba, allurarta kuma tana cikin ɗakin da ruwa ya shanye.

Hambali ya rufe shago. Su ukun suka haɗu a birni, suka yi ta bin sansanonin da ƙafa ke iya kaiwa, suna leƙa fuskokin tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya Hambali ya farka, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne yau ma ba a yi mata allura ba.

Akwai wata ƙungiyar agaji da ta tura matasa da wayoyi, suka bi sansanoni suna yi wa duk wanda ruwa ya kora rajista. Abin da suka tattara duka ya tafi wuri ɗaya a cikin kwamfuta, wanda masu abin ke kira rumbun bayanai, kuma sunan ya dace, don rumbu ne sosai, an zuba an zuba har ya cika. Sai dai ƙofarsa ƙarama ce. Shafin ƙungiyar akwati ɗaya tak gare shi: ka rubuta suna, ya fito maka da masu sunan. Suka rubuta Yalwa, babu. Ai Yalwa laƙabi ne, sunanta na yanka Hauwa'u. Suka rubuta Hauwa'u, sai ga Hauwa'u sun cika allo, ana ja suna zuwa, kamar duk matan ƙasar liman ɗaya ne ya raɗa musu suna. Masu rajistar kuma cikin gaggawa suka yi aikin, da yawa sunan farko kawai suka rubuta. Tasi'u ya buga ƙafa ya fita waje, Hambali ya samu benci ya zauna.

Suwaiba ce ba ta motsa ba. Ta dubi shugabar ofishin, wata mata da gajiya ta gama cinyewa, ta ce, "Hajiya, ban da suna, me da me yaran nan suka tambayi mutane?"

Matar ta ce an tambayi shekaru, da yankin da aka tsamo mutum, da tsagar fuska in akwai, da ciwon da yake fama da shi, da yawan 'ya'yansa.

"Duk yana cikin rumbun?"

"Duk yana ciki, 'yar nan. Mai fito da shi ne ba mu da."

"To ku ba ni kujera."

Hajiyar ba ta amince nan take ba, domin sirrin mutane ne a hannunta. Daga baya suka daidaita a kan cewa shafin ba zai tona wa kowa asiri ba, adadi kawai zai nuna da sunan sansani, in ana son ganin sauran bayani sai ma'aikacin ofis ya buɗe. Suwaiba ta ɗaure ɗankwalinta ta zauna. Abin da ta tarar a rumbun nan, jama'a, hatsi ne da tsakuwa. Wani ya rubuta shekaru da lamba, wani ya rubuta tsohuwa kawai, wani ya bar wurin fayau. Sai da ta bi ta tsince, ta haɗa kowane iri da irinsa, sannan ta fara ginin. Hambali yana gefe, ba abin da zai iya sai kawo mata abincin da take mantawa da shi har ya huce. Yana kallon yatsunta suna gudu, wani rubutu yana sauka a allo layi bayan layi, ba Hausa ba, ba kuma irin Turancin da ya sani ba. Ƙanwar da ya taɓa goyawa ce fa take ba ƙarfe umarni, ƙarfen kuma yana bi. Abin ya cika shi da mamaki, har da ɗan tsoro.

Da ta gama, sai ga shafi mai akwatuna jere. Ta juyo da allon wajensa ta ce, "Yaya, kowane akwati a nan rariya ce. Wanda ka zaɓa, sai ya tace abin da na bayansa ya bari. Wanda ba ka taɓa ba, ba ruwansa, ba ya tace komai. In kana shakka kuma, ka zaɓi biyu a gida ɗaya, ko wannan ko wancan, duk zai riƙe maka su."

Hambali ya gane, domin tela ne. Mutane da yawa kan yi wuya ɗaya, amma a ce wuya da kafaɗa da hannu da tsawo duk sun zo daidai, da ƙyar ka samu biyu. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa albarka.

Kafin su kai ga tasu buƙatar, wani dattijo da ya daɗe zaune a ƙofar ofishin ya roƙi a gwada masa. Ɗansa yake nema, kurma ne, bai iya faɗin sunansa ba balle a rubuta. Suwaiba ta danna namiji, ta danna matashi, ta danna kurma, ta zaɓi yankinsu. Dubban nan suka narke a gaban idonsa, sai ga mutum ɗaya, ga sunan sansanin da yake. Dattijon ya dubi allo, ya dubi Suwaiba, ya fashe da kuka yana kabbara. Kafin la'asar layi ya kai bakin titi. Ni dai na ga abubuwa a duniya, amma a ce taron da zai cika gari guda a tace shi kafin ka ƙifta ido, wannan har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Allah da ya ba ɗan Adam wannan basira, shi ne abin tsoro.

Sai aka zo kan Inna Yalwa. Suwaiba tana zaune, yayanta da ƙanenta suna tsaye a kanta. Ta danna mace, adadin da ke saman shafi ya karye biyu. Ta danna tsohuwa, ya sake zubewa. Ta zaɓi fadamar gabas, dubbai suka koma ɗaruruwa. Ta zaɓi bille a kumatu, ta zaɓi ciwon sukari, ta zo kan yawan 'ya'ya ta danna uku. Matan da suka rage ba su kai goma ba. Tasi'u har ya fara dariya.

Ma'aikaci ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, aka buga waya inda waya ke shiga, aka je inda mota ke zuwa. Babu Inna Yalwa a cikinsu.

Suka koma suka sassauta. Wataƙila ba ta faɗi ciwonta ba, aka cire akwatin ciwo. Wataƙila mai rajista bai lura da billen ba, aka cire na tsaga. Wataƙila ruwa ya kai ta wani yanki, aka ƙara yankunan maƙwabta. Kowane sassauci sai ya kawo sababbin mata, a bi su, a dawo hannu biyu. Suwaiba ta fara zargin aikinta, ta koma ta bi rubutun nan tun daga farko, ba ta ga kuskure ba. Akwati ɗaya ne ba wanda ya yi tunanin taɓawa, na yawan 'ya'ya. Wa zai taɓa shi? Shi ne abin da suka fi kowa sani a duniya. Su uku ne, ga su nan tsaye.

Kwanaki suna ta tafiya. 'Yan uwa suka fara zuwa suna magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da ba gaisuwar mutuwa ba ce amma ta kama hanya. Kawunsu Nadabo, ƙanen Inna Yalwa, ya ce a fara tunanin yi mata addu'a. Tasi'u ya ce shi zai koma ya bi ruwa, in gawa ce ma ya samo ta ya binne. Suwaiba ta kifa kai a kan tebur.

Hambali yana tsaye yana kallon akwatin nan mai uku. Ku kun san al'adarmu ta ɗan fari, ko da yake ku 'yan yanzu kun fara yi mata dariya. Ana yaye Hambali aka kai shi wurin kakarsa, a can ya girma. Uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. In dole ta yi maganarsa sai ta ce wancan. In ya shigo ɗaki ta sami abin yi a waje, in ya gaishe ta ta amsa tana kallon bango. Ya san kunya ce, ba ƙi ba, domin in an yi miya mai nama, tsokar da ta fi kyau takan bi ta hannun wata ta iso kwanonsa, ba a ce daga ina ba. Amma sanin abu daban, zafinsa daban. Akwai wata rana da bai taɓa gaya wa kowa ba. Yana saurayi, ya raka ta wani biki yana ɗauke mata da kaya, wata baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta nawa. Yana tsaye dab da ita, da ƙullin kayanta a kansa, ta ce, "Biyu ne, mace da namiji." Suwaiba da Tasi'u ba su san wannan ba. Su a cikin lissafi suka tashi, ba su da dalilin kasa kunne su ji ko an ƙirga su. Shi kuwa tun yana yaro kunnensa a nan yake.

Maganar ta yi masa nauyi a baki. Faɗinta a gaban ƙannensa da baƙin ofis, ai cire kansa ne da hannunsa daga cikin 'ya'yan uwarsa. Duk da haka ya ce, "Suwaiba, mayar da akwatunan nan duka yadda suke da farko. Wannan ukun kuma ki mai da shi biyu."

Ta ɗago ta dube shi. "Yaya, ai mu uku ne."

"Na sani. Ita ma ta sani. Amma ba za ta faɗa wa baƙo ba."

Hawaye suka taru wa Suwaiba, ta danna biyu. Mata 'yan ƙalilan suka fito. Ma'aikaci ya buɗe ta farko, ba ita ba ce. Ya buɗe ta biyu: Hauwa'u, an tsamo ta daga gidan suna, tana makarantar firamare ta Tudun Gawo. A ƙasa mai rajista ya ƙara layi ɗaya na abin da ta gaya masa, wai kada a wahalar da kai a kanta, autanta ɗan fito ne, zai zo ya ɗauke ta.

Tasi'u ya durƙushe a wurin. Hambali kuwa murna da ciwo suka haɗu masa a ƙirji lokaci guda, ya rasa wanda zai fara ji, sai ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa alhamdu lillahi.

To amma sanin inda mutum yake ba shi ne isa gare shi ba. Bayan masu rajista sun baro Tudun Gawo ruwa ya sake ƙaruwa, ya cinye hanya, ya karya gada, ya mai da tudun tsibiri. Waya ba ta shiga. Masu jiragen inji sun ɗaure jiragensu, sun ce ba mai shiga wannan igiyar ruwa sai ta kwanta, kuma ba a ga laifinsu ba, don kowa rai ɗaya gare shi. Tasi'u bai yi musu da kowa ba. Ya je wurin likita aka ba shi maganin allurar a cikin fulas da ƙanƙara, aka gargaɗe shi kada zafi ya taɓa shi. Ya naɗe fulas ɗin a rawani ya ɗaure a kansa tamau. Da suka isa bakin ruwa, Hambali ya tuɓe takalmi zai shiga jirgin, Tasi'u ya tare shi.

"Yaya, ba ka iya ruwa ba. Nauyi kawai za ka ƙara mini."

"To ka bari ya ɗan janye mana."

"Ta ce zan zo," in ji Tasi'u, ya tura kwale-kwalen.

Da hantsi ya tafi. Hambali ya tsaya a bakin ruwa yana kallonsa yana ƙanƙancewa har ya ɓace, sannan ya zauna a wurin, ya ƙi komawa gari. Abin da ya faru a can, daga baya ya ji shi daga bakin Tasi'u, kuma Tasi'u ba mai ƙara wa magana gishiri ba ne.

Ya ce duniyar da ya sani ba ita ya tarar ba. Ruwa ne shimfiɗe iyakar ganin ido, ba gaɓa ba hanya. A kan gonaki yake tuƙi, kawunan gero suna shafar cikin jirgi. Da kan giginyu yake gane inda yake, da hasumiyar wani masallaci da ta leƙo ita kaɗai, tsuntsaye sun jeru a kanta. Ya wuce kasuwar da yake kai mutane kowane mako, rufin rumfuna kawai ya gani. Kowace bishiya ya matsa kusa da ita don ya huta, sai ya tarar macizai sun riga shi, sun naɗe a rassa, su ma gudun hijira suke. Ya ce shirun wurin ya fi komai ba shi tsoro, har ya riƙa yin salati da ƙarfi don ya ji muryar mutum.

Da ya iso inda ainihin kogin yake bi ta ƙarƙashi, ruwa ya karɓe jirgin daga hannunsa, ya juya shi, ya maka shi a kan ƙarfen karyayyiyar gadar da ke ɓoye. Kwale-kwalen da ya ci abinci da shi tun yana yaro ya tsage biyu. Ya faɗa ruwa, abu ɗaya ne a ransa, kada kansa ya nutse. Ya yi ta iyo da wuya a miƙe, igiya tana jansa ƙasa, har ya cafki reshen wata ƙaya ya riƙe, ƙayar tana shiga tafin hannunsa, bai saki ba. Daga nan ya bi ruwa iya ƙirji, ƙafa tana laluben ƙasa, har ya taka tudu.

A wani aji ya same ta, kwance a kan tabarma, leɓɓa sun bushe, ido a buɗe amma ba ta san wanda ke kanta ba. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ruwa ya tsare a wurin tare da su, ta san ciwon, ta san maganin, akwatinta ne ba komai. Tasi'u ya kwance rawani da hannuwa masu jini, aka buɗe fulas, da sauran sanyinsa. Matar ta ce da ya jira ruwa ya janye, kabari za a nuna masa.

Sannu a hankali Inna Yalwa ta dawo. Da ta gane fuskarsa, abin da ta fara cewa shi ne, "Auta, ka daɗe." Da ta ƙara samun ƙarfi ta tambaye shi yadda aka yi aka gano ta a wannan lungu. Ya ba ta labarin Suwaiba da akwatunanta, ta yi ta jinjina kai tana sa wa boko albarka, ita da a da take cewa yarinyar nan ta ɓata idonta a kan gilashi. Sannan ya gaya mata yadda uku ta hana a same ta, da wanda ya ce a mai da ita biyu. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta daɗe a haka, kafaɗunta suna rawa. Can daga cikin mayafin ta ce, "Wancan ɗin, yana dai cin abinci ko?"

Da ruwa ya kwanta jirgin inji ya ɗauko su. Hambali yana bakin gaɓa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri, kamar kullum. Sai da Tasi'u ya ja shi gefe ya gaya masa abin da ta tambaya, sannan Hambali ya zagaya bayan wata mota, mutum mai furfura a gemu, ya yi kukan da bai yi ba tun yana yaro.

Yanzu ga inda rigimar take. Gidan Kwarin Faru ya narke, ko tubali ɗaya bai tsaya ba. Dole Inna Yalwa ta zauna wurin ɗaya daga cikinsu, kuma kowannensu ya riga ya share ɗaki. Suwaiba ta sayi gado. Tasi'u ya kafa sabon ɗaki a kan tudu tun kafin hannunsa ya warke. Hambali ya zauna a kan kekensa ya ɗinka labule da zanen gado, bai gaya wa kowa ba, matarsa ce ta tona. Kada wani ya ce mini a raba, wata nan wata can. Likita ya ce ta zauna wuri ɗaya a san abin da take ci, ita ma ta rantse ta gama hawa jirgi da mota. Kawu Nadabo ya tara su, ya tambaye ta wa take so. Ta ce ita ba ta zaɓe tsakanin abin da Allah ya ba ta, a kai ta gidan wanda ya samo ta. Kawu ya ce to wa ya samo ki? Ta juya ta ce a miƙo mata buta.

Suwaiba ta ce ita ba gori take yi ba, amma kafin ta zauna a kujerar nan Inna ƙwaya ɗaya ce a cikin rumbu, ba hannun da zai iya lalubo ta. Da ba ta gina akwatunan ba, da babu ukun da za a mai da biyu, da babu Tudun Gawon da za a nufa. Yaya zai riƙe saninsa a ciki, Auta ya yi ta yawo a kan ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Kuma gaskiya ta faɗa.

Tasi'u ya buɗe tafin hannuwansa ya nuna. Ya ce allo ya faɗi inda take, amma allo bai iya iyo ba. Da ya saurari masu cewa a jira, da duk wahalar da aka sha ta ƙare a kan sanin inda za a je ta'aziyya. Shi ya sa ransa, shi ya rasa jirginsa, kuma da bakinta ta ce shi zai zo. Wannan ma ba ƙarya a ciki.

Da aka zo kan Hambali, ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce shi bai gina komai ba, bai kuma jiƙa ƙafarsa ba. Kalma ɗaya ya faɗa. Sai dai akwatunan sun yi kwanaki a gine ba su fito da ita ba, jirgin ma yana ɗaure ne don ba a san inda za a tura shi ba, kuma kalmar nan shi kaɗai ke da ita a duniya, ya san kuma abin da ya sha kafin ya mallake ta. Ya ƙara da cewa su biyun sun zauna da ita sun ƙoshi, shi tun da aka yaye shi bai sake kwana gida ɗaya da ita ba. Daga nan ya mayar da hularsa kai.

Kawu Nadabo ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce shi kam abin ya fi ƙarfin kansa, a kai wa jama'a. To ga shi na kawo muku. Tsohuwa tana zaune da ƙullin kayanta, ɗakuna uku a share suna jira. Tsakanin wadda ta gina abin tacewa, da wanda ya cire kansa daga lissafi aka gan ta, da wanda ya ratsa ruwa da magani a ka, wa ya samo Inna Yalwa, kuma gidan wa za a kai ta?